Mintunan Farko: Tarihin Ƙa'idojin Tsira Daga Harin Bindiga a Jami'o'in Amurka

Ƙa'idar da ake koya wa ɗaliban jami'o'in Amurka a yau game da harin ɗan bindiga ba ta wuce umarni uku ba: a gudu, a ɓuya, in babu makawa a yi faɗa. Ana liƙa ta a bangon azuzuwa, ana nuna bidiyonta ga sababbin ɗalibai a makonsu na farko, kuma ita ce ke fara shiga wayar kowa da zarar an ji harbi a harabar makaranta. Mai ganin gajartarta zai zaci ta daɗe, amma a wannan sigar ba ta girmi shekarar 2012 ba. Kafin ta an yi wasu ƙa'idoji da aka bi shekara da shekaru sannan aka yar, kuma kusan kowacce sai da aka yi jana'iza kafin a yarda ta gaza. Babban abin da ya sauya cikin rabin ƙarni shi ne wanda ake ɗora wa nauyin mintunan farko na hari. Da 'yan sandan da ke waje ne, yanzu kuwa malami ne da ɗaliban da ke cikin aji.

Masu tarihin wannan fanni sukan fara ƙirga daga ranar 1 ga Agusta 1966. A ranar ce Charles Whitman, tsohon soja mai shekara 25 da ke karatun injiniya a Jami'ar Texas ta birnin Austin, ya hau hasumiyar jami'ar da akwati shaƙe da bindigogi da harsasai, bayan ya kashe mahaifiyarsa da matarsa cikin dare. Daga barandar hawa na 28 ya yi ta harbin duk wanda ya gitta, har tsawon minti 96. Ya kashe mutane 14 a hasumiyar da kewayenta, ya raunata fiye da 30. Ɗaya daga cikin waɗanda suka ji rauni ya yi ta fama da ciwon ƙoda har 2001, kuma da ya rasu likitan da ya binciki gawarsa ya rubuta cewa harsashin 1966 ne ajalinsa.

Babu wani shiri ko kaɗan a ranar. Masu gadin jami'ar ba su riƙe bindiga, aikinsu bai wuce kula da ƙofofi da motoci ba. Ƙananan bindigogin 'yan sandan Austin ba su kai saman hasumiya. Mutanen gari ne suka ɗauko bindigoginsu na farauta suka riƙa mayar da wuta daga bayan gine-gine, abin da ya hana maharin leƙowa yadda yake so, amma ya kuma jefa waɗanda suka hau kama shi cikin haɗari. Labari ya bazu ta rediyo da bakin mutane, wasu ma da suka ji ƙara suka nufo wurin don ba idanunsu abinci. Motocin ɗaukar marasa lafiya a lokacin na kamfanonin jana'iza ne, an kuwa harbi ma'aikacin ɗaya daga cikinsu. Sai da aka shigo da motar sulke aka kwashe wasu da ke kwance cikin rana. A ƙarshe 'yan sanda ƙalilan da wani ma'aikacin kantin littattafai suka hau benen bisa raɗin kansu, Ramiro Martinez da Houston McCoy suka harbe Whitman. Jami'ar ta rufe kwana ɗaya, ta ci gaba da karatu.

Darasin da hukumomi suka ɗauka daga Austin na 'yan sanda ne, ba a yi maganar abin da ɗalibi zai yi ba. A 1967 majalisar dokokin Texas ta ba jami'o'in jihar ikon kafa 'yan sandansu masu riƙe da makami, manyan birane kuma, Los Angeles a sahun gaba, suka kafa rundunoni na musamman da aka sani da SWAT. Shekarun 1970 na fashin jiragen sama da garkuwa da mutane ne, don haka tsarin da ya kafu shi ne ɗan sandan da ya fara isa ya yi wa ginin ƙawanya, ya hana shiga da fita, ya jira runduna ta musamman da masu sulhu. Tsarin yana da hujjarsa: mai garkuwa da mutane yana da buƙata, jan lokaci kuma yana sanyaya masa zuciya. Matsalar ita ce wanda ya shigo don kisa kawai ba shi da buƙatar da za a yi ciniki a kanta, kuma kowane minti da aka ba shi rai ne.

An ga haka a Kanada tun kafin Amurka ta gani. Ranar 6 ga Disamba 1989 wani matashi ya shiga kwalejin injiniya ta École Polytechnique a Montreal, ya ware mata daga maza a wani aji, ya kashe mata 14 a sassan ginin. 'Yan sanda sun iso, sun tsaya waje suna tsara ƙawanya, ba su shiga ba sai bayan ya kashe kansa. An soki wannan jinkiri a binciken da ya biyo baya, 'yan sandan Montreal suka sauya tsarinsu, amma a kudancin iyaka ba a ɗauki abin a matsayin gargaɗi ba.

A wannan tsakanin ne wata doka ta fito wadda asalinta ba harin bindiga ba ne, amma ita ce ta zama ginshiƙin duk sanarwar gaggawa ta yau. A Afrilu 1986 wani ɗalibi ya kashe Jeanne Clery, mai shekara 19, a ɗakin kwananta a Jami'ar Lehigh ta jihar Pennsylvania. Iyayenta sun gano cewa an aikata manyan laifuffuka 38 a harabar cikin shekaru uku kafin nan, ba wanda ya sanar da ɗalibai ko iyaye, domin jami'o'i sun ɗauki irin wannan labari a matsayin abin kunya da ke korar masu neman gurbi. Fafutikarsu ta haifar da dokar tarayya ta 1990, wadda aka sa wa sunan 'yar tasu a 1998. Ta wajabta wa duk jami'ar da ke cin gajiyar tallafin ɗalibai na gwamnatin tarayya ta wallafa alƙaluman laifuffuka kowace shekara, ta kuma yi gargaɗi a kan lokaci idan akwai barazana. Dokar ba ta fayyace minti nawa ne "kan lokaci" ba, kuma wannan giɓi ya zo ya ci rayuka.

Makarantar da ta rushe tsarin ƙawanya da jira ba jami'a ba ce, sakandaren Columbine ce a jihar Colorado. Ranar 20 ga Afrilu 1999 ɗalibai biyu suka kashe 'yan'uwansu ɗalibai 12 da malami ɗaya. Rundunar SWAT ta farko ba ta shiga ginin ba sai bayan minti 47 da fara harbi, daidai lokacin da maharan ke shirin kashe kansu. Malamin, Dave Sanders, ya kwanta yana zubar da jini fiye da awa uku a wani ɗakin kimiyya, ɗalibai na liƙa takarda a taga suna neman agaji, ya kuma rasu kafin a fitar da shi. Goma daga cikin mamatan an kashe su ne a ɗakin karatu, suna ƙarƙashin tebura inda aka ce su ɓuya, alhali akwai ƙofar fita a bayan ɗakin, wadda waɗanda suka tsira suka bi daga baya. Abu biyu suka mutu a Columbine: tsarin jiran 'yan sanda, da zaton cewa zama shiru a ƙarƙashin tebur kariya ce a ɗakin da ba a kulle ba.

Na farkon aka fi saurin gyarawa. Aka koma horar da 'yan sandan sintiri na yau da kullum cewa waɗanda suka fara isa, ko su huɗu ne ko biyu, daga baya ma ko mutum ɗaya ne, su nufi inda harbi ke fitowa kai tsaye. A 2002 aka kafa cibiyar ALERRT a Jami'ar Jihar Texas da ke San Marcos don wannan horo, a 2013 kuma hukumar FBI ta ɗauki tsarinta a matsayin mizanin ƙasa. Montreal ta sake zama ma'auni: ranar 13 ga Satumba 2006 wani ɗan bindiga ya shiga Kwalejin Dawson, 'yan sandan da ke kusa suka bi shi ciki nan take. Ɗaliba ɗaya ce ta rasu, aka raunata 19. Shekara 17 ke tsakanin hare-haren biyu, gari ɗaya, rundunar 'yan sanda ɗaya.

Na biyun, wato abin da mutumin da ke cikin aji zai yi, ya jira har 16 ga Afrilu 2007. Jami'ar Virginia Tech da ke Blacksburg gari ce guda, mai ɗalibai fiye da 25,000. Da misalin ƙarfe 7:15 na safe wani ɗalibi mai shekara 23 ya harbe mutane biyu a ɗakunan kwana na West Ambler Johnston. 'Yan sanda suka ɗauka rikicin soyayya ne, suka bi sawun saurayin yarinyar da aka kashe, wanda ba shi da hannu. Shugabannin jami'a suka zauna taro. Saƙon imel na farko bai fita ba sai 9:26, kuma bai ce an mutu ba, bai ce maharin na yawo ba. Rahoton binciken harin, wanda aka sabunta a 2009, ya nuna cewa kafin saƙon wasu ofisoshi sun riga sun kulle ƙofofinsu, wasu jami'ai ma sun sanar da iyalansu. Shi kuwa maharin ya koma ɗakinsa, ya sauya kaya, ya je gidan waya ya aika wa tashar talabijin ta NBC ƙunshin hotuna da bidiyo, sannan ya shiga ginin Norris, ya ɗaure manyan ƙofofi uku da sarƙa daga ciki. Daga kusan 9:40 zuwa 9:51 ya kashe mutane 30 a hawa na biyu. Saƙon da ya ce akwai ɗan bindiga a harabar, kowa ya zauna a ciki, ya fita ne 9:50, ihu bayan hari.

A wannan karo 'yan sanda ba su jira ba. Sun iso cikin kimanin minti uku da kiran farko, sarƙar ta cinye musu wasu minti biyar kafin su harbe makullin wata ƙofar gefe su shiga, maharin kuma ya kashe kansa da ya ji su. Ke nan an yi abin da Columbine ta koyar, duk da haka mutane 32 suka mutu a ranar. Bambancin rai da mutuwa ya kasance a bakin ƙofofin azuzuwa biyar, waɗanda babu ko ɗaya da ake iya kullewa daga ciki.

Aji 206 ne maharin ya fara shiga, waɗanda ke ciki ba su sami ko daƙiƙar shiri ba. Malamin da ɗalibai tara suka mutu. A 207, ajin Jamusanci, ya kashe malami da ɗalibai huɗu ya fita, waɗanda suka rage, wasunsu da rauni, suka tokare ƙofar da hannuwa da ƙafafu, da ya dawo ya kasa shiga. A 211, ajin Faransanci, an yi ƙoƙarin jawo tebur amma ya ture ya shiga, ya kuma sake dawowa. Nan aka fi asara, malamar da ɗalibai 11. A 204 Farfesa Liviu Librescu, dattijo mai shekara 76, haifaffen Romaniya wanda ya tsira daga kisan ƙare-dangin Yahudawa yana yaro, ya danne ƙofa da jikinsa ya ce wa ɗalibansa su fita ta taga. Goma suka dira daga bene, wasu suka karye amma suka rayu. Shi da ɗaliba ɗaya aka kashe. A 205 ɗalibai sun ji harbin da wuri, suka tura wani babban tebur bakin ƙofa, suka kwanta ƙasa suna riƙe da ƙafafunsa. Maharin ya yi harbi ta jikin ƙofar, ya wuce. Ba a taɓa kowa ba a ajin. Ba daidai ba ne a karanta wannan a matsayin laifin waɗanda suka mutu, domin abin da ya raba azuzuwan shi ne wa ya sami rabin minti na gargaɗi, wa bai samu ba. Amma tun daga ranar duk mai koyar da wannan fanni yana komawa kan azuzuwan nan biyar, saboda a hawa ɗaya, cikin minti goma sha ɗaya, an ga sakamakon gudu, da na tokare ƙofa, da na rashin samun damar yin ko ɗaya.

Kwamitin binciken da gwamnan jihar Virginia, Tim Kaine, ya kafa ya miƙa rahotonsa a Agusta 2007, gyare-gyare suka biyo baya ta fuska uku. Ta farko sanarwa ce. A 2008 majalisar tarayya ta yi wa dokar Clery kwaskwarima: da zarar an tabbatar da haɗari na gaggawa dole a sanar nan take, kuma dole jami'a ta gwada tsarinta aƙalla sau ɗaya a shekara. Jami'o'i suka haɗa saƙon tes da jiniya da lasifika da allunan lantarki a azuzuwa, aka kuma ba jami'in da ke bakin aiki ikon aika saƙo ba sai ya jira taron shugabanni ba. Ma'aikatar ilimi ta ci tarar Virginia Tech dala 55,000 saboda jinkiri; bayan shekaru ana ɗaukaka ƙara, jami'ar ta biya 32,500 a 2014. Kuɗin ba wani abu ba ne ga jami'a irin wannan, amma hukuncin ya shiga kunnen kowane shugaban jami'a. Da aka harbe wani ɗan sandan Virginia Tech a Disamba 2011, saƙon gargaɗi ya fita cikin 'yan mintuna.

Fuska ta biyu gano mutum ne kafin ya ɗauki bindiga. Malaman maharin Virginia Tech sun kai ƙorafin rubuce-rubucensa tun 2005, ɗalibai mata sun kai ƙararsa ga 'yan sanda, kotu ta umarci a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsa, amma kowane ofis ya riƙe abin da ya sani, bisa kuskuren fahimtar dokokin sirri. Tun 2002 wani binciken hukumar tsaron sirri ta Amurka a kan hare-hare 37 a makarantu ya gano cewa a kashi 81 cikin ɗari aƙalla mutum ɗaya ya san da shirin tun kafin ranar. A 2008 jihar Virginia ta wajabta wa jami'o'in gwamnati kafa kwamitin tantance barazana, wanda ke haɗa 'yan sanda da masu ba da shawara da ofishin harkokin ɗalibai a tebur ɗaya. Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika labartawa ba, tunda harin da aka hana ba ya shiga jarida.

Fuska ta uku ita ce umarnin nan uku. Ma'aikatar tsaron cikin gida ta fitar da ɗan littafi a 2008 mai irin wannan tsari, wani ɗan sandan Texas, Greg Crane, kuma ya riga ya fara koyar da nasa tsarin mai suna ALICE, bayan ya tambayi matarsa, shugabar makarantar firamare, abin da aka ce su yi, ta ce su kulle su jira. Amma abin da ya kai maganar kowane gida shi ne bidiyon minti shida da hukumar birnin Houston ta saki a Yuli 2012, kwanaki kaɗan bayan harin gidan sinima na Aurora. A Yuni 2013 jagorar gwamnatin tarayya ga manyan makarantu ta amince da shi. Binciken FBI na 2014 a kan hare-hare 160 tsakanin 2000 da 2013, 12 daga cikinsu a manyan makarantu, ya ba da hujjar a alƙalumma: kashi 60 cikin ɗari sun ƙare kafin 'yan sanda su iso, kuma daga cikin 64 da aka iya auna tsawonsu, 44 ba su wuce minti biyar ba.

Bayanin da ke ƙarƙashin umarnin ya fi umarnin kansa amfani. Gudu ne kan gaba in akwai hanya: a bar jaka da kwamfuta, kada a tsaya jayayya da wanda ya ƙi tafiya, a hana wasu shiga wurin, a kira 'yan sanda bayan an kuɓuta. Ɓuya ba shiga ƙarƙashin tebur ba ne. Ana nufin a kulle ƙofa ko a tokare ta da kaya masu nauyi, a kashe fitila, a rufe bakin waya gaba ɗaya, a kauce daga saitin ƙofa da taga, kada a cure wuri ɗaya, kada kuma a buɗe wa murya kawai don ta ce ita 'yar sanda ce. Idan jami'ai suka shigo, a ɗaga hannu a buɗe tafuka, kada a ruga a rungume su, kuma a san cewa rukunin farko zai tsallake masu rauni ya nufi mahari. Masu horarwa sun kuma lura cewa abin da ya fi cin lokaci shi ne musun da zuciya ke yi: mutum ya ji harbi ya ce ai ƙarar gini ce ko wasan wuta. Haka wasu suka zata a Austin, haka ma a ginin Norris, inda ake aikin gini a kusa.

Umarni na uku ne ya jawo gardama. A Jami'ar Seattle Pacific, a Yuni 2014, wani ɗalibi ya fesa wa mahari barkono a ido lokacin da yake sake ɗura harsashi, ya kayar da shi, aka tsaya a mutum ɗaya da ya rasu. A Jami'ar North Carolina ta Charlotte, a Afrilu 2019, Riley Howell mai shekara 21 ya yi kukan kura ya afka wa mahari, ya ceci ajin, shi kuma ya mutu. A binciken FBI, hare-hare 21 cikin 160 fararen hula marasa makami ne suka kawo ƙarshensu. Masu suka na cewa bai kamata hukuma ta ɗora wa matasa aikin soja ba, kuma yawan yabon jarumta na iya sa wani ya tsaya alhali yana da hanyar gudu. Birtaniya da ta fitar da nata tsarin a 2015 ta cire faɗa, ta sa sanar da 'yan sanda a madadinsa. A Amurka wasu jihohi sun bi ta ɗaya gefen, suka halatta wa masu lasisi shiga jami'a da bindiga. Dokar Texas ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2016, shekara 50 cif da harin hasumiya.

Abin mamaki shi ne gyaran da ya fi sauƙi shi ya fi jinkiri. A Yuni 2016, da aka yi harbi a Jami'ar California ta Los Angeles, hotuna suka bazu na ɗalibai suna ɗaure ƙofofi da bel da wayoyin lantarki, domin ƙofofin waje suke buɗewa kuma ba su da makulli daga ciki. A Jami'ar Jihar Michigan, ranar 13 ga Fabrairu 2023, aka kashe ɗalibai uku aka raunata biyar, dubbai suka yi kusan awa huɗu a ɓoye, sannan ne jami'ar ta sanar za ta sa makullai a ƙofofin azuzuwa fiye da 1,300, shekara 16 bayan Norris. Cikin ɗaliban da suka ɓuya a daren akwai waɗanda suka riga suka tsira daga harin sakandaren Oxford na 2021. Wani gyaran da ya zo a makare shi ne tsayar da jini. Likitocin tiyata sun ɗauko darasin yaƙin Iraƙi da Afganistan cewa mai rauni a hannu ko ƙafa na iya mutuwa cikin mintuna, fadar White House kuma ta ƙaddamar da shirin koya wa jama'a danne rauni da ɗaure gaɓa a Oktoba 2015. Yanzu ana rataye akwatunan kayan aikin a bangon jami'o'i da dama. Horo kuma ba tabbaci ba ne. A firamaren Uvalde ta Texas, a Mayu 2022, jami'an tsaro 376 suka taru, aka yi minti 77 kafin a shiga ajin, yara 19 da malamai biyu suka mutu.

Duk wannan tsari an gina shi a kan zato biyu: mahari ɗaya ne ko biyu, kuma 'yan sanda za su iso cikin mintuna. Inda zaton bai tabbata ba, lissafin yakan juye. A Jami'ar Garissa ta Kenya, ranar 2 ga Afrilu 2015, mayaƙan al-Shabaab huɗu suka shiga da asuba, runduna ta musamman ba ta iso daga Nairobi ba sai bayan sa'o'i masu yawa, mutane 148 suka mutu. Da yawa daga waɗanda suka tsallake shinge tun farko sun rayu, waɗanda suka ɓuya a ɗakunan kwana kuwa an sami lokacin bi ɗaki-ɗaki, ana yaudararsu su fito. Ɓuya na amfani ne idan wani na zuwa.

Arewacin Najeriya ya san irin wannan. An kai hari kan masu ibada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ta Kano ranar 29 ga Afrilu 2012, aka kashe mutane fiye da goma har da farfesoshi. A farkon Oktoba na shekarar aka bi gidajen hayar ɗalibai a unguwar Wuro Patuji ta Mubi, aka kashe aƙalla 25. Ranar 29 ga Satumba 2013 aka afka wa ɗakunan kwanan Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a Yobe cikin dare, fiye da 40 suka mutu, da yawa daga waɗanda suka tsira daji suka shiga. Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Kano ta sha nata a Satumba 2014. Daga baya salon ya koma sata don kuɗin fansa, kamar ɗalibai 39 na Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a Maris 2021 da na Jami'ar Greenfield wata ɗaya bayan nan, inda aka kashe biyar a hannun masu garkuwa. Maharan gungu ne, yawanci da dare suke zuwa, kuma makullin aji ba ya tare wanda ke da awa guda da fetur.

Martanin hukuma ya fi karkata ga yarjejeniya da manufa. An ƙaddamar da shirin kare makarantu a Abuja a Mayu 2014 bayan sace 'yan matan Chibok, Najeriya na cikin ƙasashen farko da suka amince da sanarwar kare makarantu ta Oslo a 2015, ta karɓi baƙuncin taron duniya na huɗu a kanta a Oktoba 2021, a 2023 kuma aka buɗe cibiyar daidaita kai ɗauki a ƙarƙashin rundunar Sibil Difens. Daga tarihin Amurka, abin da ya dace da wannan yanayi ba faɗa da ɗan bindiga ba ne. Gargaɗin da ke isa kunnen kowa da wuri ne, da hanyar fita fiye da ɗaya daga ɗakin kwana mai tagogin ƙarfe, da wurin da ɗalibi zai kai rahoton baƙuwar fuska a saurare shi. Akwai kuma giɓin da babu tsarin da ya rufe: dubban ɗalibai na kwana ne a gidajen haya a wajen katangar makaranta. Ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace a Satumba 2023 daga irin waɗannan gidaje aka kwashe su, a ƙauyen Sabon Gida, inda masu gadin jami'a ba su da hurumi.